Abin da Malam Ya Raɗa

Malamin Turanci ya sunkuyo kusa da kunnen wata ɗalibarsa. Haka yake koyar da darasin: ya raɗa wa ɗalibi magana, ɗalibin ya miƙe ya sanar da aji abin da Malam ya ce. Na sauran yara abin dariya ne, wai yunwa yake ji, wai takalminsa ya yage. Nata kuwa kullum daban yake, kullum kuma sai ta ƙirƙiro wata jimla ta rufa masa asiri, don tsoro.

Yau ma ya raɗa, ya ɗago yana murmushi. "Tashi, sarauniyar kunya, gaya musu."

Ta miƙe. Ta nemi ƙaryar da za ta yi, ta rasa. Cikin Turancin da shi ya koya mata, ba kuskure ko ɗaya, ta ce, "Malam ya ce in ban jira shi bayan an tashi ba, ƙanwata zai kira."

Alli ya suɓuce daga hannunsa. Daga bakin taga, shugabar makaranta ta ce, "Maimaita, 'yata. Ina jin ki."