Kunya Bakwai a Gonar Inna

Tseren ƙungiyarsu ta masu gudu ya bi burtalin da ya ratsa gonakin Ɗanbatta, kuma Ikrima ne ya zo na ɗaya. Yana haki ya miƙa wa budurwarsa Aina'u kofin da ya ci a gaban kowa.

"Naki ne. Jibi zan turo magabatana."

Ba ta karɓa ba. Ganyen gyaɗar da ya maƙale a takalminsa take kallo. Ita ma ta yi tseren, tana bayansa lokacin da ya saki burtali ya yanke ta gonar mahaifiyarta.

"Aina'u, don ke fa na yi."

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Kunya bakwai ka tattake wa Inna, kai kuwa ko ɗaya ba ka ji ba. Ka ce musu su yi zamansu."