Koci Ya Ajiye Yayanta a Benci

Ana yayyafi Signe ta jingine kekenta a bakin filin atisaye. Saurayinta Asger na can shi kaɗai, yana tattara ƙwallaye cikin raga. Bai cika shekara talatin ba aka naɗa shi babban kocin ƙungiyar garinsu, kuma hukuncinsa na farko shi ne ajiye yayanta Troels a benci. Troels gola ne da ya girme shi, kuma shi ya haɗa su tun farko.

"Mama ta ce kada ka zo cin abincin Lahadi," ta faɗa a hankali. "Har kujerarka ta ɗauke daga teburin."

Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar usur ɗinsa.

"Gwiwar Troels ta gama aiki, Signe. In na sa shi don ke, babu ɗan wasan da zai ƙara jin maganata. Shi kuma in ƙarasa shi."

Ta daɗe tana kallonsa. Idanunsa sun yi ja, ruwa na bin gashinsa.

"Ni nake ɗaure masa gwiwar nan kullum," ta ce. "Kowa na gani, an rasa mai gaya masa. Da ka sa shi, da ba zan aure ka ba."

Ragar ta suɓuce masa, ƙwallaye suka watse.

"Ai ban tambaye ki ba tukuna."

Ta matso ta gyara masa wuyan riga.

"To yi sauri mana, koci. Jiƙewa nake."