Dashen Mabuɗin Babur

Da la'asar ya laluba aljihu, babu mabuɗin babur.

Shi ne da safe ya ce wa matarsa reno ba aiki ba ne, zaman inuwa ne kawai. Don ya nuna mata, ya ɗauki ɗansu mai shekara uku zuwa gonar albasarsa a bakin madatsar Goronyo. Ya koya masa dashe: a tona, a saka, a rufe, a ba da ruwa. Yaron bai yi kuka ba duk wunin, uban sai yabon kansa yake.

"Kai, ina mabuɗina?"

Yaron ya nuna gonar gaba ɗaya da hannu duk laka. "Na dasa shi, Baba. Babura za su hito da yawa."

Haka ya turo babur har gida, yaron na bisa tanki yana waƙa.

Sai bayan an cire albasa matar ta tsinci mabuɗin a gindin buhu, ya yi tsatsa.

"Maigida, mi ya hana shi tsira? Ko inuwa ta yi mai yawa?"