Ɓauren Goggo Stamatia

Injin hagu ya yi tari sau biyu, farfelarsa ta tsaya cak. Ƙaramin jirgin saman, mai ɗauke da mutum shida, ya karkace kamar jakin da kaya ya rinjaya.

Goggo Stamatia ta zunguri matuƙin da sandarta. "Kai Lefteris, ɗaya ya mutu. Ko sai na nuna maka?"

"Na gani, Goggo." Ya danne ƙafar dama, ya juya da su tsibirin da suka baro.

"Ina za ka kai ni? Kotu za ni, shekara guda ina jiran yau."

"Kotu ko kabari, zaɓi ɗaya."

Ta rungume takardar ƙararta tana ƙunƙuni. Jirgin ya yi ta yin ƙasa, ya shafi kan wani kututture a bakin filin saukar jiragen, ya dira.

Lefteris ya share gumi. "Allah ya yi wa wanda ya sare ɓauren nan albarka. Da yana tsaye, da gawarmu ake tsinta."

Ɓaurenta ne. A kansa take ƙarar masu filin da suka sare shi.

Ta miƙa masa bayan takardar. "Rubuta haka, ka sa hannu. Sun ce wa alƙali itacen banza ne, ashe ran mutum shida ne darajarsa."