Sunan da ke Cikin Rajista

Alexander ya dire kwamfutar gidansa a kan teburin mai gyara kamar ya kawo ɓarawo caji ofis. Shagon wani ɗan akurki ne a Titin Bauchi, a matse tsakanin mai faci da mai katin waya. Ba don gudun kada abokan aikinsa na sakatariya su ji zancen ba, ko ƙofar ba zai kalla ba.

"Matata Mariya na hira da wani namiji a cikin wannan abin," ya ce. "An ce abin ba ya manta suna. Fito min da sunansa."

Gyang mai gyara ya jawo kwamfutar gabansa. "To, Oga."

Alexander ya ƙare masa kallo. Silifas, riga mai koɗaɗɗiyar wuya, farce duk baƙin datti. Shi ne ya je gida ya haɗa musu kwamfutar bara, kuma ko a ranar sai da Alexander ya sa aka goge kujerar da ya zauna.

Gyang ya kunna, ya shiga ɓangaren Mariya, ya buga kalmar sirri tar-tar. Alexander ya taɓe baki. Masu gyara da ɓarayi, duk makarantarsu ɗaya.

Sai ya buɗe abin da ya kira rajista, wato kundin da kwamfuta ke ajiye saitin duk mai amfani da ita. Jaka cikin jaka, haruffa da lambobi jere-jere. Alexander mai digiri biyu bai gane ko layi ɗaya ba, ya ɗora laifin a kan nawar Gyang.

A ransa ya riga ya zana kwarton: wani ɗan kwangila mai tumbi, ko wani darakta mai gida a Rayfield, unguwar masu kuɗi. Mariya ta san darajar kanta, ba za ta kula ƙaramin mutum ba.

Ana yayyafi a waje, amma gumi na ɗiga daga haɓar Gyang. Ya tsaya a kan wani layi, kafaɗarsa ta tare rabin allon.

"Mene ne wannan?"

"Bairos ne, Oga, cutar kwamfuta. In aka bar shi zai cinye takardunku."

"To me kake jira? Kashe shi!"

Gyang ya danna. Sannan ya matsa gefe ya nuna masa sunayen da suka rage: 'yar'uwar Mariya ta Kaduna, da matan zumuntar coci biyu.

Alexander ya sauke numfashi, ya sunkuci kwamfutarsa. "Awa guda a kan aikin minti biyar. Shi ya sa irinku ba sa ci gaba."

Gyang ya jira har ƙarar motar Alexander ta ɓace cikin hayaniyar titi. Ya zaro waya, ya buga.

"Mariya, na goge. Amma don Allah, in za ki yi min magana, ki daina danna inda yake cewa a tuna da sunana."