Burodin da Latifa Ke Kai wa Inna

Latifa ta cire burodin daga leda a bakin kwalbati, ta naɗe shi da tawul ɗin kicin ɗinta, sannan ta yi sallama gidan mahaifiyarta.

Wata huɗu ke nan tana haka duk Juma'a. Inna ce ta ba ta buhun garin alkamar gonarsu, ta ce, "Na koya miki kwaɓi, sai ki riƙa kawo mini ina ɗanɗanawa." Amma Latifa malamar jinya ce a Kura. Sau biyu tana kwaɓawa kafin ta fita aiki, ta dawo ta tarar ya yi tsami. Tun daga nan take tsayawa a teburin wata mai burodi, Barira, a Bunkure, don burodin da take sayarwa ya fi kama da na Inna. Buhun kuwa yana bayan ƙyaure, har ƙwari sun fara shiga.

Inna ta gutsura, ta tauna a hankali. "Hannunki ya faɗa, 'yar nan."

Latifa ta sunkuyar da kai. Yau kam ta kasa haɗiye yabon.

"Inna, ki yafe mini. Ba ni nake yi ba, saya nake."

"Na sani."

"Barira ce ta faɗa miki?"

Inna ta kakkaɓe riɗin da ya zuba a zaninta.

"Wa kike tsammani yake gasa wa Barira? Nakan ƙara riɗi a guda ɗaya, in ce ta ajiye miki. Da na tanka, da kunya ta hana ki zuwa."