Abin da Karo Ya Bari

Ranar da wani saurayi ya dawo Faskari daga kwalejin Zariya, mahaifinsa ya tambaye shi a zaure, "To, me Turawan suka koya maka?"

"Baba, in ƙwayar zarra ta yi karo da wata, takan bar mata ɗigon lantarki ta wuce. Wadda ta karɓa ta ƙaru, amma ta zama wata aba daban."

"Madalla," in ji tsohon.

Da aka kawo tuwo, ya wanke hannu, ya nufi gurbinsa a bakin akushin yayyensa, wanda ya yi shekaru yana kewa.

"A'a, Malam, kar ka ɓata riga," in ji babban wansa, yana nuna masa kujera can gefe.

Nasa tuwon na can bisa tebur, a faranti, da cokali.